Ajin Yaya Saratu a Gindin Mangwaro

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayata Saratu a Kafanchan, amma ajinta bai watse ba. Ni ce Ladi, ƙanwarta. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka da hannuna na rubuta wannan.

Ranar ɗaukar yara a makaranta, malam yakan sa yaro ya ɗora hannu ta bisa kai ya taɓo kunnensa. Wanda hannunsa bai kai ba, sai baɗi. 'Ya'yan akawun reluwe masu cin ƙwai suna taɓowa. 'Ya'yan leburori da yunwa ta tsumbure su kuwa, sai su dawo da kuka. Su ne Yaya ta tara a gindin mangwaron bayan tasha, har da ƙannensu, tana koya musu ƙirga da tsakuwa da zana baƙaƙe a ƙasa. Ita ma a majami'a ta tsinci ɗan abin da ta sani. Duk da haka, da yaranta suka shiga makaranta, ba su yi fitsari a wando don tsoron malam ba, ba su riƙe allo a juye ba. Wasunsu yanzu suna makarantar midil.

Ta mutu, yara ba su daina zuwa ba. Har waɗanda aka haifa bayan rasuwarta. Da hantsi za ka gan su a jere, sun fuskanci gindin itacen. Su yi tsit kamar masu sauraron tambaya, sannan su amsa baki ɗaya. Iyaye suka yi ta dukansu har suka gaji. Bana dattawan ikilisiya suka ce a sare mangwaron, a kori yaran.

"Ladi," in ji babbansu, "matacciya ba ta riƙe aji."

Na ce, "To Baba, mai rai ya zo ya riƙe mana. Ina yake? Ko ku duka makokinta kuke har yanzu?"

Ba wanda ya tashi. Da Yaya za ta leƙo yau, surutun mulkin kai da ake yi a tasha ba zai burge ta ba. Tambaya ɗaya za ta yi: wa ke zama da ɗan lebura kafin hannunsa ya kai kunne?

Sai na ɗauki kujerata na tafi gindin mangwaron. Dattawa suka ce muddin mai rai ke koyarwa, gatari ba zai taɓa itacen ba.

Yaya ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Ko haƙurinta ban gada ba, ni mai tsawa ce. Abin da ta bari shi ne yaran da ke zuwa ba a kira su ba.

Shekaranjiya na zana baƙi a ƙasa, ashe na juya shi. Wata 'yar mitsitsiya, Talatu, ta ɗaga ido ta kalli bayan kafaɗata, ta gyaɗa kai.

"Mama, ta ce ki gyara."

Na share na gyara. Ban waiwaya ba. Gobe ma ina nan.