Aisi Mai Aibi a Ɗakin Sanyin Kado

Lokacin ina aiki a wani shago a Karu, muna haɗa akwatunan da ke lura da sanyin ɗakunan ajiyar kifi. In sanyi ya fara gudu, akwatin ya yi ƙara, ya kuma tura saƙo wayar mai kaya. Ƙwaƙwalwar akwatin ita ce maikirokwantirola, 'yar mitsitsiya kamar farcen ɗan yatsa, wadda mu a shago muke ce wa aisi. Ni aka ba zaɓenta.

Na zaɓi wata tsohuwa da duniya ta gama sanin asirinta. Kamfanin da ya ƙera ta da kansa ya amsa cewa tana da aibi: in ƙarfin wuta ya faɗi ba tare da ta ɗauke gaba ɗaya ba, aisin na iya sandarewa tana jiran amsar ma'aunin sanyi. Mu kuwa a Abuja rabin wuta abincinmu ne na kullum, ga kuma girgizar da ake yi in an juya zuwa janareta.

Oga, mai shagon, sabuwa yake so, wadda aka ce ba ta da aibi ko ɗaya. Na ce masa ba aibi ne babu ba, waɗanda za su tono shi ne ba su kai gare ta ba tukuna, kuma ba da kifin mutane zan yi cinikin biri a sama ba. Sanin hali ya fi sanin kama. Tsohuwar na san inda take tuntuɓe, don haka na kunna mata mai gadi, wato wani agogo a cikinta wanda in ta yi shiru yake kashe ta ya sake tayar da ita. Duk tashin da za ta yi, na sa akwatin ya ɗan yi tsuwa sau ɗaya.

Oga ya yarda da ƙyar, yana hura hanci, amma ya gindaya mini sharaɗi: kada in kuskura in ambaci kalmar aibi a gaban kwastoma, in ina son aikina. Abin ya ƙona mini rai. A gidanmu ko akuya za a sayar, in tana ɗingishi sai an faɗa wa mai saye.

Wanda ya fara saye wani Alhaji ne Bazazzage a kasuwar kifi ta Kado, jarinsa kakaf yana cikin ɗakin sanyi ɗaya. Ina ɗaure akwatin a bango, oga na tsaye yana zuba masa zaƙin baki, wai inji ne da ba ya kuskure. Na ajiye sukundireba na faɗa wa Alhaji komai: yadda take sandarewa, yadda mai gadi ke tashinta, da cewa in ya ji tsuwar ta yawaita ya leƙa ɗakin da idonsa, kada ya dogara da waya. Oga ya take mini ƙafa har sau biyu, na janye ƙafata na ci gaba.

Alhaji ya dubi oga.

"Oga, kai ka ce ba problem, yaronka ya ce akwai. To wanne zan kwana da shi?"

Ni na amsa. "Nawa, Alhaji. Ni na haɗa shi."

Alhaji ya sa na rage wutar da gangan. Aisin ta sandare, ta farka, ta yi tsuwa. Ya ce a sake, don yaransa su ji su riƙe sautin.

Ina cikin motar Lugbe zan koma gida, oga ya kira ni a waya, ya ce gobe kada in zo. Na ji tsoro, don ba ni da wani aikin a hannu, amma ban ba shi haƙuri ba. Na ce masa akwai sauran akwatunan da na haɗa a kan teburina, duk wanda ya sayar wa ba tare da ya faɗa masa aibin ba, ni zan bi shi har ɗakin sanyinsa in faɗa.