Hanyar da Yaya Ya Ware wa Motocin Asibiti

Yayana ya fi shekara goma sha biyu yana aiki a kamfanin waya, amma har yau Mama ba ta san ainihin abin da yake yi ba. In maƙwabta sun tambaye ta sai ta ce, "Gadin sabis yake yi." Ban ga laifinta ba, don kusan haka ɗin ne. Wani ɗaki ne a hawa na uku, babu taga, sanyi kamar cikin firji, bango guda duk alluna ne. Duk kiran da aka yi a garin, duk saƙo, duk bidiyon da wani ya buɗe don kashe lokaci, sai ya ratsa ta injinan da ke bayan ɗakin nan. Aikin Yaya shi ne ya hana su turmutsutsu.

Mutum ne mara yawan magana, mai son komai a jere. Tun yana sakandare muke ce masa Injiniya don tsokana, saboda ko takalmi ka ajiye a karkace sai ya gyara shi kafin ya wuce. Sunan ya bi shi har ya zama gaskiya.

Baba ma aikin waya ya yi, amma ta zamanin da, mai igiya, wadda ake hawa turke a gyara. Da ya yi ritaya bai dawo gida da komai ba sai ciwon gwiwa da wani tsohon kan tarho na gwaji, baƙi, mai bakin ƙarfe biyu da ake maƙalawa a jikin waya. In suka zauna da Yaya a falo ba sa minti goma ba su fara musu ba.

"Ni a zamanina," in ji Baba, "ba na rubuta cewa layi ya gyaru sai na buga na ji muryar mutum a ɗaya gefen."

"Baba, yanzu layi miliyan nawa ne? Allo ne ke faɗa. In kore ne, lafiya. In ja ne, akwai matsala."

"Allon naka yana da kunne?"

Sai Mama ta leƙo daga kicin ta ce su biyun duk su yi mata shiru.

Shekara biyu da suka wuce zuciyar Baba ta fara ba shi matsala. Ya faɗi sau ɗaya a banɗaki, aka yi sa'a. Likita ya kira ni da Yaya gefe ya ce mana, ba tare da kwana-kwana ba, in ta sake bugawa irin haka, rabin awa muke da shi mu kai shi asibiti, kuma gara a motar asibiti mai iskar numfashi. Tun daga ranar na rubuta lambar gaggawa da manyan baƙaƙe na manna a jikin firji. Ni ce a gida da su, ɗinki nake yi a ɗakin gaba.

A waccan shekarar ne aka ba Yaya aikin da ya fi alfahari da shi. Ya yi mana bayaninsa a kan tebur, da cokula uku. Ya ce a da kowa hanya ɗaya yake bi, mai kiran likita da mai kallon ƙwallo duk kafaɗa da kafaɗa. Yanzu an tsaga hanyar gida uku: ta jama'a, ta bankuna da manyan kamfanoni, sai ta motocin asibiti. An ba direbobin motocin wayoyi arba'in na musamman, kowace da nata sim, kuma duk wayar da ke ɗauke da irin sim ɗin ba ta bin layi. Shi da hannunsa ya rubuta dokar: in cunkoso ya yi yawa, a matse hanyar jama'a don kada ko kira ɗaya na motocin ya yanke.

"Kin ga, ƙanwata," ya ce da ni, "ko garin nan zai kife, motar da za ta zo ɗaukar Baba za ta ji kira."

Baba ya ɗauki cokali na uku ya jujjuya shi. "Ka buga musu?"

"Kore ne, Baba. Kullum kore."

Wata bakwai hanyar nan tana kore. Ko sau ɗaya ba ta yi ja ba.

Ranar wata Laraba, wajen ƙarfe biyu na rana, tankar mai ta kama wuta a kan gadar sama. Hayaƙin har ƙofar gidanmu ana hango shi. Kowa a garin ya ciro waya a lokaci guda: masu neman 'ya'yansu, masu neman mazajensu, da masu ɗaukar bidiyo suna turawa, waɗanda har yau in na tuna su raina yake ɓaci. A ɗakin su Yaya hanyar jama'a ta yi ja. Ya yi abin da ya kamata ya yi, abin da kowane shugabansa zai ce ya yi. Ya danna dokarsa, ya ƙwace kashi ɗaya cikin uku na hanyar jama'a ya ƙara wa ta motocin asibiti.

Ƙarfe biyu da minti ashirin Baba ya fito tsakar gida kallon hayaƙi, ya dafa bango, ya zame.

Na buga lambar gaggawa, ta shiga nan take, don ita ma an ba ta fifiko. Wata mata ta ɗauka, ta karɓi adireshi, ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, akwai motarmu kusa da ku." Na zauna a ƙasa na ɗora kan Baba a cinyata, Mama tana yi masa fifita da murfin kwali. Minti goma shiru. Na sake bugawa. Muryar matar ta canja. Ta ce, "Wallahi ina ta neman direban, kiran ba ya shiga." Na buga wa Yaya, bai shiga ba. Na buga, na buga, wayar sai ta yi ɗan ƙara ta mutu a hannuna.

A ƙarshe maƙwabcinmu mai gyaran firji ne ya fito da tsohuwar motarsa, muka kwantar da Baba a baya. An rufe gada, duk motocin garin sun dawo ƙananan tituna. A gaban wani shagon taya, ba mu ko kai rabin hanya ba, na ji hannunsa ya saki nawa. Allah ya jiƙansa. Yaya bai sani ba sai bayan ƙarfe biyar, da cunkoso ya lafa, saƙona ya shiga.

Bai yi kuka a gabanmu ba. Kwana huɗu bayan nan ya sa rigarsa ta ofis, ya ce in raka shi wani wuri. Ofishin da ake tura motocin asibiti muka je. Matar da ta ɗauki kirana tana nan, da ta ji ko su waye mu sai ta miƙe tsaye ta rasa inda za ta sa hannunta. Yaya ya gaishe ta da ladabi ya ce, "Don Allah, ina wayoyin da aka ba direbobinku?"

Ta jawo durowa ta ƙasa. Suna ciki, a jibge, wasu ma ba a cire ledarsu ba. Ta ce cajarsu wata iri ce ta daban, ba a samunta a kasuwa. Cikin wata guda yawancin cajojin suka lalace, suka rubuta takarda a kawo wasu, ba a kawo ba. Sai direbobin suka ba da lambobinsu na kansu. Ta nuna mana takardar lambobin a jikin bango, an rubuta da biro, an manne da salatif. Ba wanda ya ga dalilin sanar da kamfanin waya, tunda a ranakun lafiya kira yana shiga.

Motar da matar ta yi ta nema ranar gobarar tana ajiye titi uku daga gidanmu. Direban yana zaune a ciki, wayarsa a hannu, yana jiran a kira shi. Yana cikin hanyar jama'a tare da kowa, hanyar da Yaya ya matse. Hanyar motocin asibiti kuwa ta yi kore wata bakwai ne saboda babu kowa a cikinta.

A mota muna dawowa ya ce, idonsa a kan titi, "Na duba lambarki a na'ura. Sau goma sha ɗaya kika kira ni. Kowane an rubuta a gabansa cewa doka ce ta hana shi." Sai ya ƙara da cewa, "Dokar tana da sunan wanda ya rubuta ta a ƙasa."

Na so in ce masa ba laifinsa ba ne. Ina son yayana, amma a ranar, a cikin motar nan, na ji haushinsa har cikin ƙashina, kuma ya sani.

Ƙarshen wata kamfanin ya ba shi takardar yabo, don a ranar gobarar hanyar motocin asibiti ba ta yanke ko na daƙiƙa ɗaya ba. Ya karɓa, ya rubuta musu rahoton abin da ya gani a durowa, aka sayo cajoji cikin sati biyu. Takardar yabon Mama ce ta gan ta a jakarsa, ta sa aka yi mata firam ta rataye a falo, kusa da hoton Baba. Ba mu faɗa mata komai ba. Yaya in ya zo gida yana zama ne a kujerar da ta ba bangon baya.

Har yanzu yana wannan ɗaki mai sanyi. Gashinsa ya fara fari ta gefe. Kan tarhon Baba yana kan teburinsa, ba a haɗe da komai ba. Kowace safiya, kafin ya kalli allo, sai ya ɗauki wayar ofis ya bi lambobi arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya. Abokan aikinsa sun daina yi masa dariya, direbobin ma sun gaji da yi masa tsaki. Wata safiya na kai masa makullin gidansa da ya manta a wurinmu, na tarar da shi a kan ta goma sha bakwai. Ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Allon da ke gabansa kore shar. Ya sake bugawa.

Can wani ya ɗauka da baki cike da abinci. "Injiniya, kai ne kuma? Ina jin ka."

"To, shi ke nan," in ji Yaya. Ya yi alama da biro a takardarsa, ya buga ta goma sha takwas.