Ruwan da Kaka Ke Shanyawa

Duk unguwarmu a Illela an ɗauka camfi ne, wai tsohuwa tana shanya ruwa kamar mai shanya kuɓewa. Masu ganin sun fi wayo suka ce jira take laka ta kwanta. Duka ba haka ba ne, kuma ni ma da ni ake dariyar.

Kakata 'yar Garu ce, wanki ne sana'arta, ita da Inna. Mu ke wanke fararen kayan gidan wani malami mai makarantar Islamiyya, da wannan aikin muke ci. In famfon unguwa ya ƙi, sai ruwan tafki, tafkin kuwa itatuwan bagaruwa sun kewaye shi. 'Ya'yansu da ganyensu su zuba su jiƙe, ruwan ya koma kamar shayi ba madara. Kaka sai ta zuba shi a faffaɗan robobi, zurfinsa bai kai yatsa ba, ta bar shi a rana kwana biyar.

Kwana biyar! Ni ba ni da wannan haƙurin.

Ina aji biyar na sakandare Kaka ta tafi Garu gaisuwa, Inna kuma zazzaɓi ya kwantar da ita. Na tace ruwan tafki da ɗankwali har sau biyu, na rufe shi a randa ya kwana, na wanke babbar rigar Malam da rawaninsa. Suka bushe da launin ƙasa-ƙasa. Matar Malam ta aiko cewa in kayan ba su dawo fari ba, za ta nemi wasu masu wanki.

Da Kaka ta dawo ta ɗaga rigar ta ce, "Ke, mi kinka yi ma rigar Malam?"

Na ce, "Na tace ruwan fa, Kaka."

"Kin tace? To tace man shayi shi koma ruwa in gani, 'yar boko."

Ba ta ƙara faɗa ba. Ta roƙi matar Malam mako guda, ta shanya ruwanta, ta sa ni gadin robobin kada awaki su sha. Ina kallo launin yana dusashewa, kullum kaɗan. Da ruwan ta jiƙa rigar, ta matsa lemun tsami, ta baza a rana. Aikinmu bai kuɓuce ba.

Na kai wa malamarmu ta kimiyya labarin. Ta ce launin nan ba laka ba ne, narkakken ganye ne, shi ya sa ba ya kwanciya kuma tata ba ta kama shi. Hasken rana ke farfasa shi, ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye gutsattsarin. Ta ce haka ake yi a teku ma: koguna su kai irin ruwan nan, rana da halittun su yi ta aikinsu a kai, abin da ya gagare su ya nutse ya daɗe a can ƙasa.

Ban taɓa ganin teku ba. Kaka ma ko Sakkwato ba ta wuce ba, ga shi ta san aikinsa a cikin roba. Da na gaya mata ta ce, "Ashe tekun ma ya fi ki haƙuri."

Allah ya saka mata, da ita da malamar. Bana na karɓe ɗibar ruwa da shanya daga hannun Kaka, bayanta ya gaji. Kuma zan sake zana jarrabawar kimiyyar da na faɗi, don ruwa nake son in karanta.