Ranar da Motar Baba Ta Danne Ni

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarun da abin nan ya faru, ni malami ne a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Television, ban yi aure ba, ina zaune a gidanmu na Barnawa tare da iyayena. Mahaifina tsohon ma'aikacin gwamnati ne da shanyewar ɓarin jiki ta kama. Hannunsa da ƙafarsa na dama sun daina aiki, magana ma ta ɗauke, sai gurnani da nuni. Kullum da safe nakan ɗora shi a kekensa na marasa lafiya, in turo shi baranda ya sha iska. Daga nan yake kallon motarsa, wata tsohuwar 'yar Jamus mai ƙofa biyu, wadda ya saya tun yana saurayi, ta daɗe lulluɓe da tampol a gindin mangwaro.

Ni na tayar da motar, da taimakon wani bakanike na Makera. Ranar da injin ya kama, Baba ya yi ta dukan hannun kekensa yana dariya da rabin baki. Da na tsaya nan da ya fi mini alheri. Amma na saba kallon hotunan tsofaffin motoci a waya, waɗanda aka sauke su ƙasa har kamar za su lashi kwalta, sai na ji ni ma haka nake son tamu. Na yi odar gajerun sifirin na zamani, wato waɗannan murɗaɗɗun ƙarafan da ke riƙe nauyin mota a saman tayoyi. Suka iso ranar Asabar, bakaniken kuma ya tafi garinsu. Ya ce mini a waya in jira shi, na amsa da to, amma a raina na riga na yanke cewa zan ɗaura da kaina.

Washegari Lahadi, Mama da ƙannena mata suka tafi suna. Mama ta ce in kula da Baba, in ba shi kununsa da maganin rana. Suna fita na sa wa get sakata ta ciki don kada a dame ni. An kwana ana ruwa, ƙasar gindin mangwaron ta jiƙe sharkaf, amma ban kawo komai a raina ba. Na kafa jak, na ɗaga bayan motar, na cire taya na jefa ta ƙarƙashin gefen motar don kawai kada ta tare mini hanya. Tsohon sifirin ya fita ba wahala. Sabon ne ya ƙi zama a mazauninsa. Ina jin Baba yana gurnani daga baranda, yana nuna ƙasa da hannunsa mai lafiya, na ce masa ya yi haƙuri, yanzu zan kawo kunun. Sai na kwanta rigingine, na shige ƙarƙashin motar, na tura ƙarfen da dukkan ƙarfina.

Ban ji wata ƙara mai yawa ba. Jak ɗin ya nutse ta gefe ɗaya, ya kwanta, motar ta sauko. Tayar da na jefa ce ta tare wani sashe na nauyin, ba don haka ba da ban rubuto wannan wasiƙa ba. Sauran nauyin ya zauna a kafaɗata ta dama da ƙirjina. Numfashi ya koma ɗan kaɗan, kamar ana ba ni shi da cokali. Na buɗe baki in yi ihu, abin da ya fito bai fi tari ba. Wayata tana kan kujerar motar, ina jin ta tana ringi a saman kaina har ta gaji ta yi shiru. Maƙwabtanmu na dama da hagu duk Kirista ne, sun tafi coci. Daga ƙarshen layi lasifikar cocin tana tashi da waƙa da ganga, ga janareton wani shago yana ruri. Man birki yana ɗiga mini a wuya, tururuwa suna hawa kunnena, ba hannun da zan kore su.

Daga inda nake kwance, ƙafafun Baba kawai nake hangowa da tayoyin kekensa. Na ga keken ya fara girgiza, gaba da baya, gaba da baya. Na so in ce masa ya bari, ba murya. Can sai keken ya kife daga kan dakalin baranda, Baba ya faɗo ƙasa ta ɓarinsa mai ciwo. Ya daɗe bai motsa ba, har na ɗauka shi ke nan, na kashe mahaifina kuma ni ma ina bin sa. Sai na ga ya kafa gwiwar hannunsa na hagu a cikin taɓo, ya ja jiki. Ya huta, ya sake ja. Mutumin da ko juyawa a gado sai an taimake shi. Da ya iso daidai motar, fuskarsa ta zo kusa da tawa, hularsa ta faɗi, gemunsa duk laka. Ya dube ni, bakinsa yana rawa yana neman kalma, kalmar ta ƙi zuwa. Ya miƙa hannu ya ɗauki sifanar taya da na yar, ya wuce ni ya nufi get.

Bai iya kaiwa ga sakatar ba, ta yi masa tsawo. Sai ya kwanta a gindin get ɗin yana dukansa da sifanar. Masu wucewa sun ɗauka aikin walda ake yi a gidan. Ina jin dukan yana raguwa, yana yin nisa tsakani, ni kuma ganina yana dishewa. An kira sallar azahar muna nan a haka. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar kudancin jiharmu da ta yi shekaru tana musayar abincin Sallah da na Kirsimeti da Mama, ita ce ta dawo daga coci ta tsaya. Ta gaya mana daga baya cewa ta san ba a aiki a gidan Alhaji ranar Lahadi, shi ya sa ta durƙusa ta leƙa ta ƙarƙashin get. Yatsun Baba ta gani. Na ji muryarta tana kwarma: "Jama'a ku zo! Baba ne a ƙasa, ku haura katanga!" 'Ya'yanta maza da wasu masu Keke Napep suka haura, suka taru suka ɗaga motar da hannu, aka jawo ni.

Ni haƙarƙarina ne suka karye, hannuna na dama kuma har yau ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, da hagu nake rubutu a allo. Baba ƙashin ƙugunsa ya karye a faɗuwar nan. Bai sake zama a kekensa ba, bai sake fitowa baranda ba, a gado ya yi sauran kwanakinsa har Allah Ya karɓi abinsa kafin wata daminar. Mama ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba. Da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi. Motar kuwa na roƙi bakaniken ya zo ya janye ta, ban tambayi inda ya kai ta ba.

Ina roƙon matasa masu sha'awar gyaran mota a gida, kada ku shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada ku yi aikin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma kada ku kulle ƙofa ku kaɗai. Masu jinyar iyaye kuma, ku daina ɗaukar wanda ya rasa magana kamar ya rasa hankali. Ni na yi shekaru ina ɗaga mahaifina, ina yi masa wanka, ina magana a kansa kamar ba ya wurin, alhali yana nan daram, yana gani, yana ji, yana tsoron abin da zai same ni. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.