Kifin da na kira karfasa

Ƙarnin kifi ne ya tsayar da ni a Corniche, bakin tekun Doha, inda jiragen katako suke ɗaure. Ni 'yar masunta ce, ko ido rufe na san wannan ƙarni.

Wankan jegon surukata ya kawo ni Doha, korona ta rufe hanya, na zauna. Ran nan ɗana direba ya shigo da kifi fari mai faɗi, wutsiyarsa rawaya. Na ce karfasa ce. Ya ce a'a Inna, sha'am sunansa, na teku ne, a bakin gaɓa ake kama shi, kuma Larabawa ba sa wasa da shi. Na ce yaron da aka haifa a birni ba zai koya mini kifi ba. Ya ce khalas, wai shi ke nan, ya fita.

Da na zo gyarawa na buɗe bakin. Turamen haƙora na gani jere, irin na mutum. Karfasa ba ta da su.

Baba ya faɗo mini a rai. Idan ruwa ya janye da kaka, yakan zauna kan kifaffen jirgi yana buɗe bakin kifi ɗaya bayan ɗaya. Daga haƙori yake gane abin da kifi yake ci, daga abincin ya gane makwancinsa, ko laka ko yashi ko gindin dutse. Har ni mace yakan kira. Nakan noƙe, wai ƙarni zai ɓata mini lalle. Yayana ne ya zauna ya kwashe komai.

Kun ga, waya ɗaya ce tsakanina da Yaya a lokacin. Da na kwatanta masa turamen nan, da ya gaya mini abin da kifin yake niƙawa a ƙasan ruwa. Amma na san sai ya yi dariya ya ce, “Auta, yau kuma?” Dariyar nan na guje wa. Na ce sai na koma gida na tambaye shi.

Kafin a buɗe hanya aka bugo mana rasuwarsa.

Shekarar ƙwallon duniya, garin ya cika da baƙi, ɗana ya nuna mini a waya: kifin nan, katantanwar ruwa yake fasawa, kan yashi da laka. Wayar ba ta yi mini dariya ba. Jikokina kuwa, kowane iri aka sa musu a faranti, kifi kawai suke ce masa, kuma ba ni da bakin gyara musu.