Kukan da Ya Koma Miya

Na daɗe ina waƙa da kalangu kafin in ce na gaji da shi. A wata hira har cewa na yi kunnen mutanenmu ya tsufa, ni zan wanke musu shi. Da wannan bakin na hau jirgi zuwa Alƙahira, don in yi sabon albam da ud, garayar nan ta Larabawa mai ƙaton ciki.

Situdiyon a Dokki yake. Mai kaɗa ud ɗin gwani ne, amma ko sannu bai sani ba da Hausa. Duk abin da na rera sai ya ce "tamam", wato ya yi daidai, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Waƙa ɗaya ce ta tsaya mini a rai, wadda na yi wa Innarmu bayan rasuwarta. Na yi alkawari ba zan sake ta ba sai Yayata ta ji ta amince, domin ita ta bar mijinta yana karatu a Masar ta koma gida ta yi jinyar Inna har ƙarshe. Amshin waƙar shi ne, "Inna, bayanki na sha kuka." Mai ud ya ce in sauke murya a ƙarshen layin yadda suke yi, zai fi taɓa zuciya. Na sauke, na ji daɗin abina.

Bayan la'asar na shiga jirgin ƙasa zuwa gidanta a unguwar Hadayek el-Maadi, inda ta dawo wajen mijinta. Na ajiye wayata a kan darduma, na kunna waƙar, na harɗe hannu ina jiran hawaye. Da aka zo amshi sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ce a raina, shi ke nan, na gama da ita.

Ashe dariya take dannewa.

"Auta, maimaita wurin nan," in ji ta.

Na maimaita, sai a lokacin na ji da kunnena. Kuka na hawaye a sama muryarsa take tsayawa. In ta sauka a ƙarshe, ya zama kuka ta miya. Ga ni nan da muryar da ake yabo, ud yana nishi a bayana, ina shaida wa mahaifiyata cewa bayanta na sha miyar kuka. Da kalangu ne, da tun a gwaji ya tona ni, don shi maganar yake bi. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan ajiye idona, sai na kama kallon fanka.

"Yaya, zan gyara. Sautin guda ne kawai."

"Ma'alish, ba komai," ta ce, tana share ido. Sai dariyar ta ɗauke. "Da ranta dai ba ka taɓa sha ba. Sai ta kaɗa maka kuɓewa daban, kai kaɗai a gidan."

Ta tashi ta shiga kicin, na ji tana buɗe gwangwani. Da ta fito da tuwon shinkafa, miyar da ke kansa kore ce shar, ga ƙamshin daddawa.

"Ragowar kukar da Inna ta daka mini ce da hannunta, zuwana na ƙarshe kafin ta kwanta. Ina ta lallaɓa ta. Wannan ce ta ƙarshe."

"Yaya, ki bar wa kanki."

"Ka riga ka gaya mata ka sha," ta ce, ta turo mini kwanon. "Kada ka yi wa mamaciya ƙarya."

Na wanke hannu. Na cinye tas, na suɗe kwanon, ita kuma tana zaune tana kallona, ba ta ci ko loma ɗaya ba.