Labo, Mai Gaya wa Jaki Labarin Soja

Duk ranar kasuwar Gangara, tun rana ba ta yi zafi ba, za ka ga Labo ya ɓullo ta hanyar Agiye yana ɗingishi, jakar wasiƙu a bayan baƙin jakinsa Duna, shi kuwa a ƙasa. Ba ya hawa. In ka tambaye shi, sai ya ce Duna wasiƙu aka ɗauke shi ya ɗauka, ba tsofaffi ba. Motar wasiƙa takan jefar da jaka a Agiye ta wuce, Labo ne ke bin ƙauyuka da ita, rani da damina. Bana an ce mota za ta riƙa shigowa har Gangara, Labo zai huta. Shi ya sa muka ga bai kamata ya ajiye jakar nan shiru ba.

Rabon wasiƙa shi ne aikinsa. Abin da za mu faɗa a nan kuwa babu wanda ya sa shi. A shekarun da Nasara ke kwasar samarinmu zuwa yaƙin Aljeriya, Labo yakan gama rabo ya zauna gindin gawo a bakin kasuwa, da basilla da zare da tsofaffin gwangwanaye da kakin zuma. Shi ma ya taɓa sa kakin soja a babban yaƙin da ya wuce, can ya samo ɗingishin. Yakan ce ƙarar bindiga ba ta dame shi ba kamar yadda ake kiran sunayen masu saƙo kullum, ba a taɓa kiran nasa ba. Don haka duk mai ɗa ko miji a bakin daga, ta kawo abin da ta samu, Labo ya shinshina, ya girgiza, ya liƙe bakin gwangwani da kaki, ya ɗinke da ƙyalle, ya kai wa magatakardan buro, wato ofishin wasiƙa, a Agiye ya rubuta suna da lambar soja.

Ya sha fama da mu, gaskiya. Tani matar Buba goran nono ta kawo masa da dunƙulen fura, wai a kai wa maigidanta Aljeriya.

"Haba Tani!" in ji Labo. "Wanga kahin shi kai Maraɗi ya hwashe ma direba bisa kai. Tahi ki daka mashi yaji, ki busar da kuka. Hurar kuwa aje ta nan, kar ta lalace."

A gabanta ya dama ya sha, ya yi wa Buba addu'a.

Amma abin da mutanen Gangara ba za su manta ba shi ne zancen wata tsohuwar garinmu da ake ce wa Baturiya. Ɗanta Hambali na cikin waɗanda aka tafi da su, kuma ɗan fari ne. Kowa ya san ɗan fari uwa ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ranar da ya tafi ma ba ta fito rakiya ba, tana ciki tana daka. Mijinta ya rasu, babu wanda zai tambaya mata ba tare da ta buɗe baki ba.

Wata ranar kasuwa sai ga ta gindin gawo, ta ajiye ƙwarya cike da dakuwa, ta kawar da kai.

"Ragowar gujiya ce na gani za ta lalace," ta ce.

"Madalla, Inna. Ta wa ce?"

Labo ya dube ta, ya ga yadda ta ƙura wa ƙasa ido, nan take ya gane ya yi ɓaranɓarama. Sai ya juya wajen jakinsa kamar babu kowa a wurin, ya shiga jero sunayen samarin da aka tafi da su.

"Duna, wagga dakuwa ta Ishaku ce?" Shiru. "To ko ta Buba ce?" Shiru. "Af, na tuna. Ta Hambali ce."

Baturiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Tun daga ranar suka sami hanyarsu. In wasiƙar Hambali ta zo wa baffansa Jibo, Labo yakan tsaya a karanta a gabansa. Da yamma kuma, a hanyar komawa, ko da yaushe kayan Duna sai sun karkace daidai dangar gidan Baturiya. Ya tsaya yana gyara igiya yana hira da jaki da ƙarfi: "Ka jiya, Duna? An ce lahiya lau yake. Wai sanyi ne kawai ya dame su. Wai yajin dakuwar ya yi, amma a ƙara citta." A bayan danga taɓarya takan tsaya cak, sai ya gama ta ci gaba. Maƙwabta sun san komai, babu wanda ya taɓa yin dariya.

Labo, kai ne ka san cewa mai kunya ma tana da zuciya. Ba ka ce ta bar al'adarta ba, ba ka kuma bar ta ta mutu da tambaya a baki ba.

Daga baya wasiƙu suka ɗauke. Damina ta zo ta wuce, babu labari. Aka yi bikin ƴancin kai, aka ɗaga sabuwar tuta a Agiye, ganguna har Gangara, mata suna ta guɗa wai tunda Nasara zai tafi ƴaƴanmu za su dawo. Baturiya ba ta yi guɗa ba. Da Buba ya dawo, sai ya ce shi dai ya ga an ɗora Hambali a mota jina-jina, daga nan bai ƙara jin ɗuriyarsa ba. Jibo ya tara dangi, aka yanke a yi sadaka a raba ƴan kayansa. Uwar tana zaune tana ji, ko kukan ma ba ta da ikon yi a gabansu.

Labo ya je ya durƙusa gaban Jibo.

"Baba Jibo, ku yi mani haƙuri, kar a yi sadakar wanda ba a tabbatar ba. Ƙunshin da mai shi ya rasu, hannuna yake komowa. Na Ishaku ya komo, ni na kai ma ubanshi da kaina, kun gani. Na yaron ga ko guda bai komo ba. Akwai mai karɓa."

"In kuma ɓata suke yi bisa hanya hwa?" in ji Jibo.

"To, ban sani ba. Ku dai jinkirta."

Iyakar hujjarsa ke nan, kuma shi kansa ya san ba ta da ƙarfi. Ya gaya mana daga baya cewa duk lokacin da zai kwance bakin jaka a Agiye sai ya ji tsoron ya ga ɗinkin hannunsa ya dawo. Ya yi tunanin ko yana wahalar da tsohuwa ne a banza. Duk da haka kowace kasuwa kayan Duna sai sun karkace a dangar nan, ya ce, "Yau ma ba abin da ya komo, Duna." Kowace kasuwa kuma ƙwaryar dakuwa tana jiransa gindin gawo. Gujiya ta yi tsada ko ta yi araha, ragowa ba ta taɓa yankewa a gidan Baturiya ba.

Ana cikin girbin gero, wata safiya motar wasiƙa ta tsaya a Agiye, ta sauke jaka, ta sauke wani siririn mutum da hannun rigarsa na dama a naɗe, babu komai ciki. Labo ya dube shi, ya dube shi, sai ya zauna a ƙasa. Hambali ne. Ashe asibitin soja aka kai shi can Faransa, bayan teku, aka yanke hannun. Ya hana a rubuto gida don bai san yadda zai faɗa ba. Ƙunshin kuwa suna ta bin sa daga bariki har gadon asibiti. Ya ce dakuwar kan iso ta yi tauri kamar tsakuwa, sai ya jiƙa a shayi. Babu sunan mai aikowa, amma kowace ɗaya da ɗan gurbin babban yatsa a tsakiya, yadda uwarsa ke yi tun yana yaro. Ya ce lokacin da ya ƙi cin abinci yana fatan mutuwa, ita ce abin da ya fara sawa a baki.

Ranar dai Duna ya ɗauki mutum. Da suka iso dangar, ana daka a ciki. Labo ya kama igiya kamar kullum, ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Taɓarya ta tsaya tana jira. Da shirun ya yi yawa, Baturiya ta leƙo ta tsakanin kara.

Can sai ta fito da ƙwaryar ruwa. Ta wuce ɗanta ba ta dube shi ba. Ta je ta ajiye ƙwaryar a gaban jaki, ta dafa wuyansa.

"Duna," ta ce, "ka ce ma ubangidanka Allah shi saka mashi. Wanda kuka taho da shi kuwa, ka ce mashi ya rame. Shi shigo shi ci tuwo."

Daga nan ta zauna a wurin ta kifa fuska a wuyan jakin, ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Hatsin da Jibo ya ware don sadakar mutuwa, shi aka dafa washegari aka raba na godiya.

Labo na Duna, mai basilla da zare, mun gode. Kai ne ka sa aka kira sunan ƴaƴanmu a ƙasar da babu wanda ya san su. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ƙafar nan ta daina ciwo. Ku kuma samarin da za ku karɓi jakar a mota, ba mu hana ku gudu ba, amma ku riƙa rage tafiya a bakin danga. Akwai masu jiran labari da ba za su taɓa fitowa su tambaye ku ba.